Kokwambar teku ta yi ƙaranci a gaɓarmu: yaya za a auna abin da ya rage, kuma wane mataki ya dace?

Ƙaramin Jami'i ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina gaishe da malamai da manyanmu na wannan zaure. Ni ƙaramin ma'aikaci ne a ofishin kula da kamun kifi na wani yankin gaɓar teku, kuma an ɗora mini rubuta shawara a kan sana'ar da ban karanta ta a makaranta ba sai a gurguje, wato kamun kokwambar teku. Ga wanda bai san ta ba, ba tsiro ba ce, dabba ce mai taushin jiki da siffar kokwamba, dangi ɗaya da tauraron teku, tana kwance a ƙasan ruwa tana haɗiyar yashi da laka tana tace abincinta daga ciki. Masunta suna nutso su tsinto ta da hannu, a tsaga ta a fitar da kayan ciki, a dafa, a sa gishiri, a shanya, sannan dillalai su saya su tura ta kasuwannin Asiya, musamman Hong Kong, inda busasshiyar take da tsada ƙwarai.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, rajistar ofishinmu tana nuna cewa nauyin kayan da ake fitarwa a shekara bai ragu sosai ba, don haka maigidana a wurin aiki yana ganin babu wata matsala. Amma da na je wurin shanya na duba da idona, sai na tarar da yawancin abin da ke kan tabarmi bai wuce tsawon babban yatsana ba, kuma akwai nau'o'in da dillalan da kansu suka ce a da ko kyauta ba sa karɓa. Wani dattijon masunci ya nuna mini wani fili na ciyawar teku, ya ce a ƙuruciyarsa idan ruwa ya janye, mata da yara suna cika buhu a nan ruwa bai kai musu gwiwa ba, yanzu kuwa 'ya'yansa sai sun yi tafiyar sa'o'i a kwalekwale, su nutsa da tiyon iska a baki, kafin su samu abin kirki.

Ina neman a haska mini hanya. Ta yaya ofishi mai ƙaramin kasafi zai auna abin da ya rage a ruwa, awon da za a iya kai shi gaban masu yanke hukunci? Idan ta tabbata an yi ɓarna, rufe kamun za a yi gaba ɗaya, ko kuwa ƙayyade lokaci da girma ya wadatar? Na kuma ji ana maganar ƙyanƙyasar 'ya'yanta a tankuna a zuba su a teku, ina son sanin ko wannan mafita ce. Na gode, Allah Ya saka da alheri.

Malamar Teku ta rubuta:

Wa alaikumus salam. Ƙanena, idonka ya faɗa maka gaskiya, rajistarku ce take yaudarar ku, kuma ba ofishinku kaɗai ta yaudara ba. Nauyin da ake fitarwa yakan tsaya cik na shekaru alhali dabbar tana ƙarewa, domin masunta ba sa zama wuri ɗaya: idan kusa ta ƙare sai su tafi nesa, idan ta saman ruwa ta ƙare sai su nutsa ƙasa, idan mai tsada ta ƙare sai su koma kan mai araha, su kuma ninka yawan da suke kwasowa don kuɗin ya kai na da. Wani nazari da aka buga a 2011 a kan kamun kokwambar teku a faɗin duniya ya gano cewa a kashi 81 cikin 100 na wuraren da aka duba yawanta ya ragu saboda kamu, a kashi 51 masunta sun tashi daga bakin gaɓa sun koma nesa, a kashi 76 kuma sun sauka daga nau'i mai daraja zuwa mai araha. Abin da ka gani a wurin shanya da abin da dattijon nan ya faɗa maka su ne waɗannan alamomin, ba ko ɗaya da ya ɓata.

Kafin in zo kan ƙidaya, ya kamata ka san dalilin da ya sa dabarun da aka koya maka na auna kifi ba za su yi maka aiki a nan ba. Kifi yana da ƙashin kunne da ake karanta shekarunsa a jiki, ita kuwa wannan ba ta da ƙashin da zai nuna shekaru, sai wasu 'yan ƙwayoyin alli a cikin fata waɗanda ba a ganin su sai da madubin awo. Tsawonta ma ba ya tsayawa, domin da ka taɓa ta sai ta takure, ta fesar da ruwan cikinta, wata har ta amayar da hanjinta. Idan kuma abinci ya yi ƙaranci tana iya ramewa ta koma ƙarama. Idan aka maƙala mata alama don a bi diddiginta, jikinta yakan tunkuɗo alamar waje cikin 'yan makonni. Haka nan lissafin abin da mai nutso yake samu a kowace sa'a ba abin dogaro ba ne, saboda gwanin mai nutso ya san inda ragowar suke taruwa, zai ci gaba da cika buhunsa har zuwa ranar da zai tsince na ƙarshe.

Abu mafi muhimmanci a duk wannan magana shi ne yadda take haihuwa. Namiji da mace ba sa haɗuwa. Kowanne yakan ɗaga gabansa sama ya saki ƙwai ko maniyyi a cikin ruwa, sai igiyar ruwa ta haɗa su. Dabba ce mai tafiyar 'yan mitoci a yini, ba ta iya keta teku don neman aboki. Saboda haka idan aka tsince su har tazara ta yi yawa tsakanin ɗaya da ɗaya, maniyyin yakan tsarke a ruwa kafin ya kai ga ƙwai, sai ka ga akwai manya a ƙasa amma babu 'ya'ya. Ka lissafa da kanka: hekta ɗaya murabba'in mita 10,000 ce, idan guda 30 ne kacal a cikinta kuma sun bazu daidai, tsakanin kowace da maƙwabciyarta kusan mita 18 ne, kuma ba lallai maƙwabciyar ta zama jinsin da ake bukata ba. Masana da suka yi aiki a tsibiran Fasifik sun ba da ma'auni na kusa-kusa, cewa ƙasa da guda 100 a hekta ƙaranci ne, ƙasa da 30 kuma bakin haɗari ne. To amma wannan ba ya hawa kan kowane nau'i. A tsibiran Galapagos na ƙasar Ekwado, inda ake kamun nau'in Isostichopus fuscus, ƙa'idarsu ita ce ba a buɗe kamu sai ƙidaya ta nuna aƙalla guda 11 a murabba'in mita 100, wato 1,100 a hekta, domin shi wannan nau'in a cunkushe yake rayuwa tun asali.

Don haka abin da za ka auna shi ne cunkoson manya masu haihuwa, nau'i-nau'i, a ƙasan teku, kuma wannan ba ya bukatar jirgin bincike. Ka fara da zama da masunta a kan taswira su raba maka ruwan gida-gida: filin ciyawa, fadamar yashi da laka, saman duwatsun murjani, gangaren da ke fuskantar buɗaɗɗen teku, da kuma zurfi. A kowane gida sai a zaɓi wuraren ƙidaya ta hanyar ƙuri'a, ba inda masunci ya ce akwai su ba, in ba haka ba za ka samu adadin da ya fi gaskiya yawa. A shimfiɗa igiya mai tsawon mita 100, mai iyo ya bi ta riƙe da sanda, ya ƙirga duk wadda ta faɗo cikin mita ɗaya ta dama da mita ɗaya ta hagu. Igiya 50 irin wannan sun ba ka hekta ɗaya cif. A wurare masu faɗi da ruwa garau, ana jan mai ƙidaya a bayan kwalekwale a hankali yana riƙe da allo, kuma hukumar haɗin kan ƙasashen Fasifik, SPC, tana amfani da zango na mita 300 a faɗin mita 2 don wannan. Kowace da aka gani a auna tsawonta da faɗinta tana kwance a inda take, kafin hannu ya taɓa ta.

Zan ba ka labarin kuskuren da na taɓa yi don kada ka maimaita shi. Nau'in yashi, wato Holothuria scabra, yana binne kansa a wani ɓangare na yini, galibi daga tsakar dare zuwa hantsi, ya fito da rana ta yi. A farkon aikina na fita da sassafe don in guje wa iska, na bi igiyoyina na dawo da takarda kusan babu komai, har na fara rubuta cewa wurin ya mutu. Wata mata da ke tsinta a wurin ce ta kama hannuna ta kai ni, ta nuna mini wani ɗan tudu a yashi mai tsaga a tsakiya kamar bakin da aka rufe, ta tura yatsa biyu ta zaro dabbar. Da na koma bayan azahar na bi igiyoyin nan dai, adadin ya ninka sau da yawa. Tun daga ranar nake rubuta sa'a, da yanayin cikar ruwa, da sanyinsa a kan kowace takardar ƙidaya, kuma nake maimaita ƙidayar shekara a lokaci iri ɗaya.

Idan akwai wani wuri a yankinku da ba a kamu, ko don doka ko don nisa, ka ƙirga shi da irin wannan hanyar, domin shi ne zai nuna maka yadda ruwan yake kafin a taɓa shi. Da haka aka tabbatar da ɓarnar da aka yi wa baƙar kokwamba mai nonuwa, Holothuria whitmaei, a babban jerin duwatsun murjani na gabashin Ostireliya: a wuraren da aka killace yawanta ya ninka na wuraren kamu kusan sau huɗu zuwa biyar. An rufe kamunta a 1999, kuma da aka koma bayan shekara huɗu ba a ga alamar farfaɗowa ba.

Rajistarku ma kada ka yar da ita, gyara take bukata. Daga yau a riƙa rubuta kaya nau'i-nau'i, a kuma ƙirga guda nawa ne suke cika kilo ɗaya na busasshiya, domin idan adadin yana ƙaruwa kowace shekara, ƙanana ake kamawa. Ka kuma tuna cewa a yawancin nau'o'i kilo 100 na ɗanya ba ya ba da fiye da kilo 5 zuwa 10 na busasshiya, don haka tan ɗaya a takardar kwastan dubban dabbobi ne a ruwa.

Ƙaramin Jami'i ya rubuta:

Malama, Allah Ya ƙara ilimi. Maganar tazarar mita 18 ta warware mini abin da na kasa fahimta, wato dalilin da ya sa filin da dattijon nan ya nuna mini bai dawo ba duk da cewa an daɗe da daina zuwa wurin. Igiya da sanda da kwalekwale muna da su, kuma akwai wani tsibiri mai nisa da masunta suke ƙin zuwa saboda ƙarfin igiyar ruwa, wanda nake ganin zai yi mana ma'aunin kwatance. Sai dai ƙidayar za ta ɗauke mu watanni, kamu kuwa yana ci gaba kullum. Shin ya dace in ba da shawarar a rufe tun yanzu kafin sakamako ya fito?

Tsohon Sufeto ya rubuta:

Yaro, na yi shekaru masu yawa a aikin sa ido kafin in yi ritaya, kuma amsata ita ce e, a rufe nau'o'in masu tsada tun yanzu, domin alamomin da ka lissafa sun isa hujja, kuma jiran cikakken sakamako kafin a ɗauki mataki shi ne ya kashe wannan sana'a a wurare da dama. A Masar an fara kamun a Bahar Maliya a 1998, kafin 2003 an kai ga haramta shi, wato shekara biyar kacal tsakanin farawa da durƙushewa. Babu ofishin da yake gama bincike da irin wannan saurin.

Amma abin da nake so ka riƙe da kyau shi ne, rufewa ita ce mafi sauƙin aikin, buɗewa ce take da wuya. Ƙasar Tonga ta dakatar da kamun a 1997 har tsawon shekara goma, wasu nau'o'in suka farfaɗo, aka buɗe a 2008, cikin 'yan shekaru aka kwashe abin da ya taru, ta sake rufewa a 2015. Papuwa Niyu Gini ta rufe a watan Oktoba na 2009 ta buɗe a 2017, kuma a wasu larduna an zarce adadin da aka ƙayyade kafin jami'ai su gama tattara lissafi. Galapagos da Malama ta ambata, a 1994 gwamnati ta ba da izinin gwaji na guda 550,000, amma cikin wata biyu aka ƙiyasta an kwashe aƙalla miliyan 6, da aka rufe kuma masunta suka mamaye cibiyar bincike ta Charles Darwin a watan Janairu na 1995. Duk waɗannan wurare abu ɗaya ne ya ci su: an huta, an tara, ranar buɗewa ta zo alhali yawan masu nutso da masu saye yana nan yadda yake ko ya ƙaru. Ba a fafe gora ranar tafiya. Sharuɗɗan buɗewa a rubuta su a ranar da aka rufe, a ce nau'i kaza ba za a taɓa shi ba sai ƙidaya ta nuna manya kaza a hekta shekara biyu a jere, kuma idan ya sauka ƙasa da kaza kamu ya tsaya da kansa ba sai an jira sa hannun kowa ba. Idan ba a yi haka ba, ranar buɗewa matsin lambar 'yan kasuwa da kusantowar zaɓe ne za su tsayar da ita.

Game da matakan da suke aiki, wani nazari na 2013 ya kwatanta wuraren kamu 77 a duniya, inda aka ƙiyasta mutum miliyan 3 suna wannan sana'a, ya gano cewa abin da ya fi bambanta masu lafiya da waɗanda suka lalace shi ne ƙarfin tilasta doka, da taƙaita yawan nau'o'in da aka halatta, da taƙaita jirage da masu shiga sana'ar, da kuma kamun karɓa-karɓa, wato a kama a wani wuri a bar wani ya huta. Wannan ya yi daidai da abin da na gani da idona. A rubuta gajeren jerin nau'o'in da aka yarda a kama, duk abin da ba ya ciki haramun ne, domin ya fi sauƙi a koya wa jami'i gane nau'i shida da a ce ya haddace talatin. Seshel ta tsayar da lasisinta a kan 25, kowane jirgi da mai nutso huɗu, kuma tana cikin 'yan ƙasashen tekun Indiya da kamun ya daɗe bai rushe ba. A gabashin Ostireliya tun 2004 aka raba ruwan gida 154, kowane gida ana shigarsa na 'yan kwanaki sau ɗaya a shekara uku. Sai dai can jirage kaɗan ne, kowanne da na'urar da ke nuna inda yake, don haka kada ka kwafo tsarin kai tsaye zuwa gaɓar da ke da ɗaruruwan kwalekwale.

Ƙayyade adadin kamu na ƙasa baki ɗaya kuwa ba na ba ka shawararsa, sai idan kuna iya sanin abin da aka sauke kowane mako. Kuma idan za a sa shi, ya zama ƙarami ƙwarai: lissafin da aka yi kan baƙa mai nonuwa ya nuna cewa ko ɗibar da ba ta kai kashi 5 cikin 100 na asalin yawanta a shekara ba, ita ma ta isa ta durƙusar da ita. Ku hana tukunyar iska da injin tura iska, ku hana dalmar nan mai ƙugiya da ake saukarwa da igiya a soke na zurfi, saboda manyan da ke can ƙasa inda numfashin mutum ba ya kaiwa su ne irin da ya rage muku.

Inda za ka sa ƙarfinka kuwa ba a teku ba ne. Masu nutso dubbai ne a warwatse, masu fitar da kaya kuwa ba su fi a ƙirga da yatsu ba, kuma dole kayansu su bi ta tashar jirgin ruwa ko ta sama. A ƙayyade mafi ƙarancin girma na busasshiya ga kowane nau'i, a buɗe buhuna a rumbun ajiya kafin a ba da takardar fita, wanda aka kama da ƙanana a ƙwace lasisinsa. Ranar da babban dillali ya daina sayen ƙanana, ranar mai nutso zai daina tsinto su. Yanzu ma kuna da madogara ta ƙasa da ƙasa, domin a taron Jeneba na 2019 na yarjejeniyar CITES, wadda ke kula da cinikin dabbobi da tsirrai masu fuskantar barazana tsakanin ƙasashe, an sa nau'o'i uku masu nonuwa a rukuni na biyu, wato waɗanda ba a fitar da su sai da izini, dokar ta fara aiki a watan Agusta na 2020, a taron Panama na 2022 kuma aka ƙara nau'o'in Thelenota guda uku. Ma'anar wannan ita ce ƙasa ba ta da ikon fitar da su sai hukumar kimiyyarta ta tabbatar cewa fitarwar ba za ta cutar da wanzuwarsu ba, kuma ƙidayar da Malama ta koya maka ita ce hujjar da za a nema.

Abokin Masunta ya rubuta:

Ranka ya daɗe Sufeto, na yarda da kusan duk abin da ka faɗa, amma ina da ja a kan saurin rufewa, kuma ina roƙon a saurare ni. Na zauna da iyalan da wannan dabba ce kaɗai abin da suke sayarwa su ga kuɗi a hannu, saboda busasshiya ba ta bukatar ƙanƙara, tana iya jiran jirgi wata da watanni. Idan takarda ta fito daga ofis cewa daga gobe an haramta, ba tare da an zauna da su ba, kamun ba ya tsayawa, dare yake komawa. Indiya ta haramta shi kwata-kwata tun 2001, ta sa dabbar a jerin farko na dokar kare namun daji, amma har yau ana kama buhunan da ake fasa-ƙwaurinsu zuwa Siri Lanka inda cinikin yake halal. Tanzaniya ta hana a ɓangaren tudu a 2006 alhali Zanzibar, ɓangaren tsibiran ƙasar, tana ci gaba da saye, kaya suka riƙa tsallakawa. Idan sana'a ta koma ɓoye, dillali ne yake cin riba, domin shi zai karya farashi da hujjar haɗari, ofis kuma ya rasa ko 'yan alƙaluman da yake samu a da.

Akwai kuma bashi, wanda ba a cika rubuta shi a rahoto ba. Yawancin masu nutso dillali ne ya ba su injin kwalekwale da mai da tiyo, a kan za su biya da kaya, saboda haka mutum ba shi da ikon ya ce ya huta. Bashin nan ne yake tura samari zurfin da jiki ba ya ɗauka, su daɗe a ƙasa su taso da sauri, iskar da ta narke a jini ta yi kumfa a gaɓoɓi da laka. Na ga saurayi da aka fito da shi daga kwalekwale ƙafafunsa ba sa motsi, kuma a yankin Yukatan na Meziko wannan ciwo ya kashe masu nutso da dama a shekarun da kamun ya bunƙasa. Don haka hana injin iska ina goyon bayansa ɗari bisa ɗari, amma a haɗa shi da maganar yadda za a warware bashin.

Shawarata ga ɗan'uwa mai tambaya ita ce ya sa masuntan cikin ƙidayar tun daga igiyar farko. Mutumin da ya bi mita 100 da kansa ya ƙirga guda biyu ba ya bukatar a yi masa wa'azi. A arewacin Sabuwar Kaledoniya an yi haka da nau'in yashi: masunta da jami'ai suna ƙirgawa tare, a fitar da abin da za a iya ɗiba daga cikin manyan da suka kai girma, a buɗe na 'yan kwanaki a rufe, kuma yawan dabbar ya ƙaru a wurin. Sannan a koya musu gyaran kaya, domin tsaga a inda ya dace, da dafawa a kan wuta mai sauƙi don kada fata ta fashe, da bushewa har ta yi tauri kamar dutse, suna iya ɗaga darajar kaya ƙwarai. Wanda ya samu kuɗin da yake samu a da daga rabin abin da yake kamawa zai fi sauƙin yarda a bar sauran a ruwa.

Malamar Teku ta rubuta:

Ina ganin maganganun biyu suna haɗuwa: a dakatar da nau'o'in masu tsada yanzu kamar yadda Sufeto ya ce, amma a sanar da hakan a zaman da aka yi da masunta, a bar musu 'yan nau'o'in da ƙidayar farko ta nuna suna da sauran ƙarfi, da ƙa'idar girma. Ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa nau'o'i 16 a jerin masu fuskantar barazana a 2013, bakwai daga ciki a matakin haɗari, har da na yashi da baƙa mai nonuwa, don haka idan kuna da waɗannan biyun, da su za a fara.

Saura tambayarka ta ƙyanƙyasa, wadda ba wanda ya taɓa. Ana yin ta, tun 1988 aka fara samun nasarar ƙyanƙyasar nau'in yashi a Indiya, a kudu maso yammacin Madagaska kuma akwai ƙauyukan da suke kiwonsa a shingaye cikin teku, ƙasar Sin ma tana noman nau'in Apostichopus japonicus da yawan gaske. Amma kiwo don sayarwa daban, farfaɗo da na teku daban. A gwajin da aka yi a Sabuwar Kaledoniya, 'ya'yan da ba su kai giram 3 ba yawanci ba su rayu ba, waɗanda suka kai ma kashi 7 zuwa 20 cikin 100 ne suka girma zuwa girman kasuwa, saboda ƙaguwa da kifaye suna cinye su. Ga tsada, ga shi kuma nau'o'i kaɗan ne aka iya ƙyanƙyasarsu, sannan idan aka kawo iyaye daga wani teku ana iya gurɓata irin gida. Hanya mafi araha ga ofis irin naku ita ce a tattaro manyan da suka rage a warwatse, a ajiye su kusa da juna a cikin wurin da aka killace, a irin ƙasar da suka saba da ita kuma ba a cunkushe ba, don ƙwai da maniyyi su riƙa haɗuwa. Sai dai tara su wuri ɗaya yana sauƙaƙa wa ɓarawo aiki, saboda haka kada a yi shi sai a inda mutanen ƙauyen suka ɗauki gadin a wuyansu, kuma ana hango wurin daga gidajensu.

Idan ka gama zagayen farko na ƙidaya, ka kawo mana adadin kowane nau'i a kowane gida, da yawan igiyoyin da aka bi, har da waɗanda ba a ga komai a kansu ba, domin sifilin nan yana cikin lissafi kuma shi ne sababbin ma'aikata suka fi mantawa su rubuta.